Ɗingishin Babana a Landan

Ranar da na sauka Landan ruwa ake yi, irin yayyafin nan nasu da ba ya jiƙa mutum farat ɗaya, sai dai ya yi ta bin ka a hankali har ya kai ƙashi. Lokacin ba a ba mu mulkin kai ba tukuna, amma ana ta ƙishin-ƙishin. Ofishinmu na Kaduna, inda ake shirya majigin da ake yawo da shi gari-gari, shi ya turo ni in koyo yadda ake yin zane mai motsi, abin da yaran yanzu ke ce wa katun. Ni kuwa a raina na riga na gama zama wani abu. Ɗan masinja daga unguwar Kawo, ga shi a ƙasar Turawa da akwatin ƙarfe da takalmi sau-ciki! Da na san abin da zan yi wa mutuncin tsohon da ya haife ni a garin nan, wallahi da daga tashar jirgin na juya.

Neman ɗaki ya fara sauke mini girman kai. Sai ka ga takarda a taga an ce akwai ɗakin haya, ka gyara wuyan riga ka ƙwanƙwasa. Mace ta buɗe, ta dube ka daga hula har takalmi, ta ce ayya, yanzun nan aka kama. Ka juya, takardar tana nan a tagar ba wanda ya taɓa ta. Daga ƙarshe wata tsohuwa mai kyanwoyi ta ba ni wani ɗan akurki a can ƙarƙashin rufin gidanta, inda in na miƙe sosai sai kaina ya gaisa da katako. Na yi godiya kamar an ba ni sarauta.

Sanyi ya kore ni kasuwa neman kwat. Wani mai kayan gwanjo ya tare ni da fara'a, yana ta kira na abokinsa, ya zaro wata koriyar kwat mai gashi a wuya, ya rantse irinta manyan gwamnati ke sawa. Na saya, na shiga, na ji ɗumi, har da tafiyar ƙasaita. Da ita na je wurin aiki ranar farko. Ina shiga ɗakin masu fenti, mata ne reras a kan tebura, sai na ga kowace ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kwarjini na yi musu. Da aka tashi shan shayi wata dattijuwa mai furfura da tabarau ta ja ni gefe.

"Ɗana, wa ya sayar maka da wannan? Ta mata ce."

Kai! Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta ce in tuɓe in ba ta. Washegari ta dawo mini da ita ta farke gashin wuyan, ta mayar da maɓallan ɗaya gefen. Sunanta Misis Hilda, mijinta ya mutu a yaƙi. A duk Landan ita ce mutum ta farko da ta taɓa kayana ba tare da ta goge hannu ba.

Mai kamfanin wani jan Bature ne mai tumbi, lofe ba ya barin bakinsa, don haka a raina na raɗa masa Mai Lofe. Ya karɓe ni da dariya da dukan kafaɗa, ya ce kowane gwani daga ƙasa yake farawa. Ashe da gaske yake nufin ƙasa. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa aka kai ni, aka nuna mini baho da famfo da soso.

Bari in yi bayanin aikin, don sai da shi za a gane sauran. Ba a kan takarda ake yin zanen da ke motsi ba. Wasu fallaye ne na roba, garai-garai kamar gilashi, amma suna lanƙwasuwa. A gaban falle ake bin siffar mutum da tawada, a juya bayansa a cike da fenti. Kowane ɗan motsi da nasa fallen: ɗaga ƙafa falle guda, sauke ta wani fallen. Wurin da abin ke faruwa kuma, daji ne ko ɗaki, daban ake zana shi a kwali, a ɗora fallen a kai a ɗauki hoto, a cire a ɗora na gaba. In an gama fim ba a zubar da fallayen, tsada gare su. Wankewa ake yi a sake amfani da su. To ni ne mai wankin.

Haka na yi hunturun nan, hannu cikin ruwan sanyi, ina wanke zomaye da agwagi masu hula. Yatsuna suka tsattsage. Abinci kuwa burodi da shayi da dafaffen dankali, don tsoron naman alade ya hana ni taɓa duk wani abu mai romo. In na kwanta sai in ji ƙanshin miyar kuka a hancina, in tashi in ga ba kowa sai kyanwar tsohuwa tana harara ta. A gida ana can ana cewa Yakubu yana karatun zane a Ingila.

Misis Hilda takan sauko da kofin shayinta ta zauna a kan wani akwati ta taya ni hira. Ita ta koya mini cewa abin da nake dirza da soso, in ana son ajiye shi, ya fi jariri son lallami. Ba a kama falle sai ta gefe, da farar safar hannu, don maiƙon yatsa ba ya fita. Ba a jibga su kan juna, sai an sa 'yar takarda shara-shara a tsakani, in ba haka ba fentin wannan ya kama fuskar wancan. Rana tana cinye launinsu, zafi yana sa su tattare. Tana da wasu 'yan kaɗan da ta ɓoye tun tana budurwa, takan ce mutane suna kallon fim su manta da hannun da ya yi shi.

Wata rana ta tarar da ni na kifa kai a bakin baho. Ta ce wa nake kewa? Na buɗe baki zan ce gida, sai na ji na ce, "Babana."

Ni kaina na yi mamaki. Ni ne ɗan fari, tsakanina da Baba akwai kunya. Bai taɓa zama ya yi hira da ni ba, maganarmu ba ta wuce gaisuwa da aike. Amma tun ina ƙarami ni ke bin sa masallaci riƙe da buzunsa, saboda haka na fi sanin bayansa a kan fuskarsa. Na ba ta labarin yadda ya yi aikin shimfiɗa hanyar jirgi yana saurayi, a dajin da ba ruwan sha sai na kududdufi, kurkunu ya fito masa a idon sawu, ƙafar ta warke a sandare. Da wannan ƙafar ya yi shekara da shekaru yana kai takardu daga ofis zuwa ofis, har ya sa ni a makaranta. Ta ce yaya yake tafiya? Sai na miƙe na gwada mata. Ya jefa ƙafar hagu gefe, kafaɗa ta sauka, ya tattare bakin riga da hannu ɗaya, ya dogara sanda, can ya yi gyaran murya. Ina yi hawaye na zuba, ita kuma fensirinta na ta gudu a kan takarda.

Bayan 'yan kwanaki ta kawo mini kyauta. Baba ne a kan falle, da farar rigarsa da jar darar masinjoji da ya ƙi rabuwa da ita ko bayan ya bar aiki, da 'yar furfurar gemunsa. Ba ta taɓa ganin sa ba, amma wallahi shi ne. Na jingina shi a kan kanta saman bahon, nesa da feshin ruwa, kullum in na shigo sai in ji kamar in durƙusa in gaishe shi.

A nan Mai Lofe ya gan shi. Ya sauko neman wani abu, ya tsaya, ya cire lofen daga baki, abin da ban taɓa gani ba. Ya tambayi ko wane ne, na gaya masa. Ya ce in gwada masa tafiyar. Na gwada. Ya tafa hannu.

"Yakubu, ai kai muke nema! An ba mu aikin fim don ƙasarku, a kan ruwan sha. Muna son dattijo na gaske, irin wanda mutanenku za su gani su ce namu ne. Gobe ka hau sama."

Na ce, "Ranka ya daɗe, dattijon me zai yi a ciki?"

Ya ce, "Shi ne babba a fim ɗin. Kowa shi zai tuna."

Ban ƙara tambaya ba. Daɗin barin bakin baho ya toshe mini kai. A tunanina Baba zai fito ne yana yi wa jama'a nasiha, ya nuna ƙafarsa ya ce ku dube ni ku tace ruwa. Har na fara hango ranar da zan zaunar da shi a gaban majigi ya ga inda ɗansa ya kai shi.

Na hau sama da babbar rigata ta Sallah. Aka share tsakiyar ɗaki, masu zane suka kewaye ni, aka ba ni sandar tsintsiya. In je bango in dawo, in je in dawo. Su ce ƙara jefa ƙafar, in ƙara. Su ce sake gyaran muryar nan, in sake, su fashe da dariya, ni ma in taya su. Na ɗauka dariyar jin daɗi ce. Wawa dai ba ya wuce haka. Da suka sami abin da suke so aka ba ni tebur a lungu, ana koya mini bin layi da tawada, amma a kan wani fim daban. Misis Hilda ta daina saukowa shan shayi da ni, in mun haɗu a matakala sai ta gaishe ni da sauri ta wuce. Na zaci aiki ne ya yi mata yawa.

Ranar da aka gama fim ɗin ruwan shan aka tara mu a ɗan ɗakin kallo, aka zaunar da ni a gaba kusa da Mai Lofe. Aka kashe fitila. Mutum biyu ne a fim ɗin. Ɗaya saurayi tsaf-tsaf da gajeren wando, yana tace ruwa yana tafasawa. Ɗayan kuwa Baba. An ƙara masa hanci, an zazzago masa da leɓe, amma rigar tasa ce, jar darar tasa ce. Saurayi ya yi masa gargaɗi, ya kaɗa kai ya yi gyaran murya, ya kwanta rub da ciki a bakin kududdufi yana sha tare da jaki. Kurkunu ya fito masa yana murmushi yana ɗaga hula. Sai ga tafiyar nan, wadda na ɗauko daga Kawo na haye teku da ita, yana yi ƙudaje na bin sa, har ya zame ya faɗa cikin taɓo ƙafafu a sama.

Ɗakin ya ɗauki dariya. Aka kunna fitila, aka juyo ana tafa mini. Kun san abin da na yi? Miƙewa na yi na ce na gode. Bakina ne ya faɗa, ban san lokacin ba.

Daga baya na bi Mai Lofe ofis, na ce ba haka muka yi ba, wannan mahaifina ne, a garinmu kowa ya san tafiyarsa. Ya busa hayaƙi ya ce, "Haba Yakubu, zane ne fa. Wa zai gane? Kuma ka tuna rayukan da zai ceta." Na ce a canza ko da hular ce. Ya ce an riga an biya, gobe za a sa fim ɗin a jirgi. Ya dafa kafaɗata ya raka ni ƙofa.

Misis Hilda ta same ni a matakala, idonta ja. Ta ce da farko ba ta sani ba, da ta sani kuma an riga an ajiye fallayen a teburinta, ita ta cike rigar da farin fenti, ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Na kasa kallon ka ne." Yaya zan ga laifinta, ni da na yi tafiyar da ƙafata?

Sai kuma aka rasa mai wanki, aka ce in sauka in taimaka. Aka sauko mini da Baba cikin akwatuna. Na tsaya a bakin baho ina dulmuya shi a ruwa, ina dirzawa, farin rigarsa da jan hularsa suna haɗuwa su bi rariya. Da farko har na ji sanyi a raina, na ce ko ba komai ina shafe abin kunyar. Amma fim ya riga ya tafi, kuma an tsame waɗanda suka fi kyau an ce za a aika wa ofishinmu don tarihi. Wanda Misis Hilda ta ba ni na nema a kan kanta ban gani ba, ashe tun tuni an haɗa da shi an kai sama. Na ƙarasa sauran watannina kamar mai zaman makoki, ko sallama ban yi wa Mai Lofe ba.

Daga Ikko na hau jirgin ƙasa, damina ta kankama. Tun da muka haye gadar Kaduna nake tunanin ko fim ɗin ya riga ni isowa. A Kawo aka tare ni da guɗa, aka yanka kaji, maƙwabta suka cika zaure. Baba yana zaune a kan buzunsa. Na durƙusa, ya ce, "An dawo lafiya? To madalla." Bai ƙara ba, amma dama ba ya ƙarawa. Na saci kallon fuskarsa ban ga komai ba, na ce Alhamdu lillahi, abin bai iso ba. Na dai lura ya daina bin bakin titi zuwa masallaci, sai ya zaga ta lungun bayan gida. Na ce tsufa ne, ba ya son hayaniyar motoci.

A ofis na tarar motar majigi tana can ƙauyukan Zazzau da fim ɗin. Da ta dawo na sami Malam Audu, wanda ke riƙe lasifika yana yi wa jama'a bayani da Hausa, na roƙe shi don Allah in an zo tsara zagayen cikin gari a tsallake Kawo. Ya dubi ƙasa ya ce, "To, na ji." Shi ne ma ya raɗa wa dattijon fim ɗin suna Baba Gaula, sunan kuma ya bi gari. Ban tambaye shi inda da inda aka riga aka nuna ba. Tsoron amsar nake yi.

Ana nan sai Baturen ofishinmu ya kira ni. Za a yi nuni a babban zauren ofis, a gayyaci manya da 'yan makaranta su ga yadda ake aikin wayar da kai, kuma yana son a kafa fallayen Baba Gaula a bango, tunda ga wanda ya koyo aikin a Ingila. Ya ba ni mabuɗin sito.

Akwatin yana can ƙarƙashin rufin kwano tun zuwansa. Ina buɗewa wani tsami ya bugi hancina. Zafi da laima sun yi aikinsu, fallayen sun tattare, wasu sun manne da juna, takardar tsakani ta jiƙe ta kama fenti. Na zauna a kan buhu. Ga mafita Allah ya kawo har gida. In rufe akwatin in ce sun lalace, ko in fizge su da ƙarfi fentin ya ɓare, ba wanda zai zarge ni. Na kama na farko da niyyar fizgewa. Sai ga fuskar tana kallo na ta cikin robar, da hancin da suka ƙara mata da komai, amma gemun nasa ne. Na wanke shi a Landan don an sa ni, yanzu kuma in yage shi da hannuna don kaina? Hannun ya ƙi.

Sai na koma gida na sa aka ɗinka mini safar hannu da farin ƙyalle. Na kwashe su zuwa ɗakin da ya fi sanyi, na shimfiɗa a inuwa su sha iska. Waɗanda suka manne na riƙa zura takarda a tsakani kaɗan-kaɗan, yau in ci faɗin yatsa guda, gobe in ƙara. Kafinta ya yi mini firam, na yanka kwali na zagaye kowane falle don kada gilashi ya taɓa tawadar. Na zaɓi bangon da rana ba ta kai wa. Ina yi ina zagin kaina, wai ni ne ke yi wa abin kunyata kwalliya. Bature ya zo ya duba ya ce aiki ya yi kyau, amma a sa wa kowanne zanen bayansa don mutane su gane labarin. Haka na ɗora Baba a kan kududdufi da jaki, na rufe da gilashi. Iyakar abin da na iya shi ne na kai su can ƙarshen zaure, bayan ƙofa.

A gida na ce nunin na Turawa ne da manyan ma'aikata, sai da kati. Na manta wanda nake yi wa ƙaryar. Mutumin da ya tsufa a barandar ofisoshin nan, wane mai gadi ne zai tambaye shi kati?

Ranar nunin, da hantsi zaure ya cika. Ina tsaye ina yi wa wasu 'yan makaranta bayanin yadda ake juya falle a yi fenti, sai na ji ƙarar sanda a kan siminti, sannan gyaran murya. Baba ne. Ya sha farar riga sabuwar wanki da jar dararsa, ya ratso tsakiyar zauren, ƙafar hagu na fita gefe, kafaɗa na sauka. Surutu ya fara raguwa. Wani ɗan akawu ya zunguri na kusa da shi, na ji da kunnena ya ce, "Kai, ga Baba Gaula da kansa!" Wasu suka toshe baki. Baba bai waiga ba. Bai tambayi kowa hanya ba, ya wuce kai tsaye har bayan ƙofa ya tsaya.

Na bi shi na durƙusa a gefensa, a gaban Bature da kowa.

"Baba, ku gafarce ni. Wallahi ban san abin da za su yi da shi ba ke nan."

Bai dube ni ba, hoton yake kallo. Ya daɗe. Can ya ce, "Tashi, mutane na kallo."

Na tashi. Na ce, "Da na so kada ku gani."

"Na gani tun kana can. A filin Kawo aka fara nuna shi."

Na ji kamar an kwaɗa mini guduma. Ashe duk zagayen lungun nan, duk shirun da mutanen gida ke yi in an ambaci majigi, ni kaɗai ne ban sani ba.

Ya ce, "Ana fara tafiyar kowa ya juyo yana nema na. Da aka tashi har gida aka raka ni da sunan." Ya gyara riƙon sandarsa. "Da aka kai shi Badarawa na bi shi can. Na tsaya daga baya."

Na ce, "Baba, don me?"

"Bature bai san ina tattare riga ba. Bai san gyaran murya ba. Na ce wannan wanda ya daɗe yana bin bayana ne." Sannan ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "Na ce ashe yaron nan yana tunawa da ni a can."

Tun da nake ban taɓa jin ya yi mini magana mai tsawon wannan ba. Da mari ya kwaɗa mini a gaban jama'a da ya fi mini sauƙi. Hawaye suka ɓalle, na kasa ko share su.

Ya ɗaga sanda ya nuna firam ɗin tsakiya, wanda yake tsaye a ciki riga a tattare.

"Ruwan nan na sha shi, ban musa ba. Babu wani ruwan a wurin, kuma da aikin na ci da ku. Amma ban sha da jaki ba. Cire shi daga bayana."

Ban nemi izinin kowa ba. Na sauke firam ɗin, na kifa shi a kan tebur, na tanƙware ƙusoshin da farce har ɗaya ya fasa mini yatsa. Bature ya matso zai yi magana, ya dubi tsohon, ya dubi bangon, fuskarsa ta yi ja, ya koma da baya. Na zare kwalin kududdufin na ajiye, na ɗauko fallen ta gefe na miƙa. Baba ya goge hannuwansa a riga kafin ya karɓa, ya riƙe shi yadda ya ga na riƙe. Ya ɗaga shi ya duba. Ba taɓo, ba ƙudaje, wani tsoho ne kawai zai je wani wuri.

Ya ce, "Hancin ne dai suka yi wa ƙari." Ya miƙo mini. "Riƙe, kai ka san yadda ake ajiye shi. Sauran ka bar musu, aikinka ne."

Ya juya ya kama hanyar fita, ta tsakiyar zauren kamar yadda ya shigo. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, har ɗan akawun nan ya matsa ya ba shi hanya. Na bi shi a baya da fallen a hannu. A bakin ƙofa bai nufi lungu ba, titi ya hau, muka taka har Kawo da rana tsaka, ina kare fallen da inuwar rigata. Ina jin sandar, ina jin jan ƙafar, amma idona na ƙasa. Ya ƙara shekaru masu dama a duniya bayan wannan, kuma kullum ina bayansa zuwa masallaci, sai dai har ya koma ga Allah ban sake iya ɗaga ido na kalli tafiyarsa ba.